Talatin, Duk Maza

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki a lambun bincike, har zuwa abin da zan ba ku labari ban taɓa karɓar takardar gargaɗi ba. Na faɗi wannan tun farko ne don shi kaɗai na tara. Wasu sun gina gidaje, wasu sun ajiye tumbi, ni kuwa fayil ɗina ne fari fat, sai takardun yabo guda tara da ke rataye a rumfar dashe, duk na bencin tukwanen shuka da ya fi kyau a Ranar Baƙi. Ma'aikata suna kirana Almakashi, ba don na iya ɗinki ba. Duk reshen da ya karkace, duk ganyen da ya soma rawaya, kafin ya gama shawarar mutuwa na riga na taimaka masa.

Shukar da ta jawo wannan labari tana da suna a littafin Dakta, masanin tsirrai na lambunmu, suna mai tsawon da sai ka tsaya ka yi numfashi a tsakiya. Mu dai 'Yar Tsauni muke ce mata. Tsayinta bai wuce ƙugu ba. Ganyenta mai kauri ne, toka-toka, bayansa da gashi mai laushi kamar kunnen akuya, in ka murza shi sai ka ji warin tsohon makulli da ya sha ruwa. Saiwarta ba ta nitsawa ƙasa, a kaikaice take yawo tana neman tsaga. A duk faɗin duniya, in ji Dakta, a gefen tsauni ɗaya tak take fitowa, kuma tsaunin nan yanzu yana cikin buhuna, domin masu fasa dutse sun cinye shi tas. Kafin su kai ga gefen da take, Dakta, lokacin yana saurayi da gashi a kansa, ya je da motar ofis ya haƙo guda talatin. Ya jera mini su a ɗakin gilashi na uku, ya ce in kula da su kamar idona. Bayan wata biyu ya tafi karatu ƙasar waje, shekara huɗu, don ya rubuta littafi a kan shukar da ya bari a hannuna. Da busassun ganye a jaka ya tafi.

To, lambunmu yana da wata doka da ta girme ni a aiki. Sau ɗaya a shekara ake Ranar Baƙi, manya su zo da matansu da turarensu, su zaga, su yi hoto, su tambayi inda ake ajiye lemo. Mako guda kafin ranar muna yin abin da muke kira sharar benci. Duk tukunyar da ba ta yi fure ba, a ɗauke ta a kai bayan rumfa, kada ta ɓata wa manya hoto. Wadda ta maimaita a shekara ta biyu ta nuna halinta ke nan, sai ramin taki, a cike gurbinta da reshen wadda ta yi abin kirki. Babu wanda ya taɓa rubuta dokar nan, shi ya sa babu wanda ya taɓa karya ta.

Shekarar farko babu wadda ta yi fure a cikin talatin ɗin, na yi musu uzuri, na ce baƙi ne. Shekara ta biyu goma sha takwas suka ɓarke da fure, gungu-gungu, ruwan goro, suna reto kamar 'yan kunne, in ka gifta su zuba maka wani gari rawaya a hannun riga. Goma sha biyu kuwa ko gezau. Na kai su bayan rumfa. Abin da suka yi a can bayan an watse, ban sani ba, wa ke duban bayan rumfa? Shekara ta uku aka sake kwatawa, sai na loda su a baro. 'Yar Tsauni tana kamawa daga reshe kamar rogo, don haka na riga na tanadi magadansu daga masu furen.

Ina tura baron nan zuwa rami sai ga matata ta kawo mini abincin rana. Ta dubi lodin, ta sa hannu ta zare guda ɗaya, mafi ƙanƙanta, ta cusa a kwandon da ta kawo kwanuka. Na tuna mata cewa fitar da shukar lambu laifin kora ne. Ta ce abin da za a zubar ba a satarsa, kuma in mai gadi ya tambaya za ta ce ganyen miya ne. A gida ta dasa ta a wani tsohon bahon wanki da ya tsage, ta jingina shi da bangon bayan gida, inda take zama ta yi wanke-wanke. Sauran goma sha ɗayan suka zama taki, kuma takin ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba.

A shekara ta huɗu talatin ɗin nan suka yi fure gaba ɗaya, babu saura. Aka ba ni takardar yabo, aka tafa. A makon ne Dakta ya dawo da digirinsa. Ya shiga ɗakin gilashi yana murmushi, ya fito da ɗan gilashinsa na dubawa, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ta ashirin murmushin ya tafi, kafin ya kai ta talatin ya nemi wurin zama.

Ya tara mu ya yi mana bayani. Ya ce 'Yar Tsauni irin gwanda ce da dabino, namiji daban, mace daban. Wannan furen da muke taƙama da shi na maza ne, aikinsa zubar da gari kawai. Macen furenta bai fi kan ashana ba, kore ne, a hammatar ganye yake ɓuya, kuma sai maza sun yi kusan wata guda suna burga sannan take buɗewa. Wato mako guda bayan Ranar Baƙi. Wato mako biyu bayan sharar benci. Ni ba a makaranta na koyi lissafi mai zurfi ba, amma wannan a tsaye na yi shi.

Dakta ya juyo gare ni ya ce, "Waɗannan su ne talatin ɗin da na kawo?"

Na ce, "Talatin ka bari, Dakta, ga talatin."

Bai sake tambaya ba. Tambayar mai lambu sau biyu ba ta cikin abin da aka koya masa a can. Ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa, ya ce lallai garin sauri ne ya haƙo maza zalla, tun da a lokacin babu fure a jikinsu. Na girgiza kai na ce ƙaddara ce, na taya shi jimami.

Shekara bakwai ya yi yana neman mace. Ya rubuta wasiƙu zuwa lambunan duniya, ya hau duwatsun da ko akuya sai ta yi tunani, ya koma ramin da tsaunin ya bari ya zaga gefensa har masu gadi suka haddace shi. Gashin kansa ya bi tsaunin. Kullum da safe zai wuce ta gabana ya ce sannu da aiki, kafin in amsa ya yi nisa. Ni kuwa na samu abin da nake kwantar wa kaina hankali da shi: mutum da digiri uku, amsar tana tsaye a gabansa da almakashi a aljihu, amma girman kai ya hana shi tsayawa ya tambaya da kyau. In ya tambaya zan faɗa, haka nake ce wa kaina. Na kuma tabbatar bai same ni ni kaɗai ba.

A gida na ce wa matata ta zubar da ta bahon, kada wani abokin aiki ya zo gaisuwa ya gani. Ta tambayi dalili, na ce tana tara ƙazanta. Ta ce ranar da shukar ta kawo ƙarata, za ta duba ta ga wanda za ta zubar a cikinmu. Haka muka zauna. Matata mai magana ce, ni kuwa mai rediyo ne, kuma a haka muka yi shekara talatin da biyar lafiya lau: tana wanke-wanke tana ba da labari, ina kan kujera ina cewa "haka ne" a inda ya dace, wani lokaci har da inda bai dace ba. Rigimarmu ɗaya ce, bangon nan na bayan gida. Tsohon shafe ne na farar ƙasa, kullum yana zubewa daidai wurin bahon. Sau biyu ina sayen siminti ina toshewa, sai ɓarnar ta matsa gaba kaɗan ta ci gaba. Na zargi danshi, na zargi ƙadangaru, na zargi maginin da ya mutu tun kafin mu tare.

Bara, wata huɗu kafin Ranar Baƙi, ta kwanta kwana shida ta rasu. Ba zan yi ba'a da wannan ba. Gidan ya yi mini faɗi, na rasa inda zan sa kaina, na riƙa kunna rediyo ina kashewa, domin ashe ba shi da daɗi in babu mai magana a kansa. Da na rasa abin da zan yi mata, sai na ce bari in karrama shukarta. Na sayo tukunya mai kyau. Na juye bahon, na ga abin da ta cika shi da shi, tsakuwa da wani farin ɓarɓashi, abin kunya a gidan shugaban masu lambu. Na watsar da shi a bola tare da bahon, na zuba baƙar ƙasa da taki mai rai, irin wanda mazan ɗakin gilashi ke ci suna ƙiba.

Mako guda bayan Ranar Baƙi sabon Darakta ya kira taro. Daga wata ma'aikata aka turo shi, bai san bambancin albasa da ciyawa ba sai a faranti, amma ya san ɗakin gilashi na uku ya fi kowane samun rana. Ya ce shekara goma sha ɗaya ana ciyar da tuzurai talatin. Ya ba Dakta shekara guda: in Ranar Baƙi ta zagayo babu iri, za a kwashe su a zuba furannin ado, irin waɗanda ake ɗorawa a teburin taro. A wannan watan da aka yanka masa ne ni ma zan yi ritaya.

Na koma gida na tsuguna gaban tukunyar, na ɗaga ganye, karo na farko a shekara takwas. Ga su nan a hammata, kore, kamar kan ashana, bakinsu da ɗan danƙo. Hanya biyu ce a gabana. In ɗauke ta in kai wa Dakta, in amsa laifin kisan goma sha ɗaya da satar ɗaya da shirun shekara bakwai, fayil ɗina ya yi baƙi ana saura shekara guda in fita. Ko kuma in yi dabara. Kun dai riga kun san ni.

Na datse gungun fure ɗaya daga ɗakin gilashi, wanda dama aikina ne, na sa a ambulan. Da sassafe na samu gashin kaza, na dangwali garin, na bi furannin macen ɗaya bayan ɗaya ina shafawa, ina waige kamar wani zai leƙo ta katanga. Kwana biyar na yi ina wannan ɗaurin aure. Guda tara suka kama. Suka kumbura suka kai girman wake, bayan wata biyu suka yi baƙi, kowane da ƙwaya ɗaya a ciki. Na kai su wurin aiki a akwatin ashana, na danna su da babban yatsa a cikin tukunya ta goma sha huɗu, don ita ce a lungu. Bayan mako uku biyar suka tsiro.

Lissafina shi ne Dakta zai ga tsiro, ya gode wa Allah, ya kai wa Darakta, a bar masa ɗakinsa, ni kuma in fita da farin fayil. Tun da ba ya tambaya, me zai faru? Abin da na manta shi ne, malamin da ba ya tambayar mai lambu yana tambayar littafi, kuma littafi ba ya cewa ban sani ba. Dakta ya ga tsiron nan ya durƙusa a ƙasa da wandonsa na ofis. Kwana uku ya kulle kansa, ya fito da bayani: idan namijin 'Yar Tsauni ya daɗe babu mace, yakan fitar da furen mace guda ɗaya ko biyu a ɓoye, ya yi wa kansa iri. Abin da ba a taɓa gani ba a danginta kaf.

Aka kewaye tukunya ta goma sha huɗu da igiya. Aka hana kowa taɓa ta, har ni da na raine ta daga reshe. Namijin da bai taɓa tsinana komai ba sai ɓata wa mutane hannun riga, ga shi ana auna masa ruwa da kofi mai lamba. Dakta ya rubuta shafi arba'in. Darakta, wanda jiya yake kiransu tuzurai, ya soma cewa "bincikenmu", ya ɗinka sabuwar riga, ya gayyaci 'yan jarida su zo Ranar Baƙi. Garin neman gira na kusa tsone wa bawan Allah ido, amma na ce a raina ai ba ni na ce ya rubuta ba.

Ana cikin haka ta gida ta soma lalacewa. Ganyen ƙasa suka yi rawaya suka zube, na sama suka naɗe baki. Na rage ruwa, na ƙara ruwa, na canja taki, na matsar da ita inuwa, na dawo da ita rana. Duk abin da shekara talatin da ɗaya suka koya mini na gwada, ita kuwa tana ta ja da baya, a hankali, kamar mai jin nauyin fita daga ɗaki.

Saura kwana goma Ranar Baƙi, Dakta ya shigo rumfar dashe, abin da bai taɓa yi ba. Ya kifa bokiti ya zauna. Ya ciro shafin ƙarshe na rubutunsa ya karanta mini, wai yana godiya ga shugaban masu lambu, wanda amanarsa ta riƙe waɗannan shuke-shuke shekara goma sha biyu. Ya ce in rubutun nan ya fita, ko ya mutu ya san bai kashe 'Yar Tsauni da hannunsa ba. Na ce madalla. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma kunya na saba da ita, shekara bakwai muna kwana ɗaki ɗaya. Da a nan abin ya tsaya, wallahi da na haɗiye.

Mataimakina ne ya ƙarasa ni. Shi zai gaje ni, dattijo ne mai furfura a gemu, shekara ashirin yana bayana, duk abin da ya sani a hannuna ya koya. Muna shirin sharar benci ya tsaya gaban tsiron nan biyar, waɗanda yanzu kowane ke da tukunyarsa, ya tambaye ni yaushe za su soma fure. Na ce shekara biyu zuwa uku. Ya gyaɗa kai ya ce kada in damu, in na tafi zai riƙe ɗakin yadda na bar shi.

Ya ce, "Wadda ta yi, ta zauna a benci. Wadda ba ta yi ba," sai ya haɗa yatsu biyu kamar almakashi, ya nuna hanyar rami. "Yadda ka koya mana, Oga."

Na dubi tsiron nan biyar. A cikinsu wataƙila biyu mata ne, wataƙila ɗaya. Ta gida tana mutuwa. Dakta kuwa ya riga ya rubuta cewa ba a ma buƙatar mace, don haka babu wanda zai ɗaga ganye ya duba hammata. Na ga baron da idona, na ga ranar, har na ga takardar yabon da za a ba mataimakina.

Ranar sharar benci na yi abin da ya saɓa wa dokar gaba ɗaya: maimakon in fitar da marar fure, sai na shigo da ita. Na ɗora tukunyar a baro tun daga gida, na bi titi da ita, masu shaguna suna tambayata ko asibiti zan kai ta. Mai gadi ya buɗe ƙofa yana kallona, don bai taɓa ganin an sato shuka zuwa cikin lambu ba. Na ajiye ta a tsakiyar benci, rabin ganye babu, cikin maza talatin da ke reto da 'yan kunnensu. Na aika a kira Dakta.

Ya zo, ya dube ta, ya dube ni. Ya fito da gilashinsa ya ɗaga ganye ɗaya. Furen bai buɗe ba tukuna, amma tohon yana nan, ga kuma busassun wuyan 'ya'yan bara guda tara. Ya ƙirga su da farce. Sai na faɗa masa komai, daga baro har gashin kaza, ban rage ko ɗaya ba. Na shirya wa ihu, har na so ya yi, amma bai yi ba.

Ya ce, "Su nawa ne?"

Na ce, "Goma sha biyu."

Ya ce, "Goma sha biyu na haƙo. Ashe ban yi kuskure ba." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. "Shekara bakwai kana ganina ina hawa duwatsu."

Na ce, "Ba ka tambaye ni ba, Dakta." Da bakina na faɗi wannan, kuma tun kafin ya gama fita na ji warinsa.

Dakta ya je ya kwance igiyar da ke kewaye da ta goma sha huɗu, ya naɗe ta a hannu, ya dawo. Ya ce maganar ni da shi ta jira, wannan mutuwa take yi. Ya ce ba hannuna ne ya riƙe ta shekara takwas ba, don da hannuna ne da tuni ta bi 'yan uwanta. Na ce matata ce. Ya ce a kira ta yanzu. Na ce ta rasu bara, har ya sa hannu a katin ta'aziyyar da aka zaga da shi ofis-ofis. Ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya jiƙanta, ya buɗe littafinsa na aljihu ya cire murfin biro.

Ya ce, "To faɗa mini yadda take yi mata. Wace ƙasa? Ruwa sau nawa? Me take zuba mata?"

Na buɗe baki. Shugaban masu lambu, takardar yabo tara. Shekara takwas shukar nan tana taku goma daga kujerata, matar da ke kula da ita tana magana kullum, ban san ko ɗaya daga cikin amsoshin ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuwa shekara bakwai na yi a kan nawa ina leƙen na Dakta.

Na ciro waya na kira Auta, 'yarmu ta ƙarshe, wadda ke aikin jinya a wani gari. Na buɗe murya don Dakta ya ji. Na tambaye ta ko ta san abin da mamanta ke yi wa shukar bahon nan.

Ta ce, "Baba, ai bango take ci."

Na ce wane irin bango.

Ta ce, "Bangon bayan gida mana. Duk mako Mama takan kankaro farar ƙasar da cokali ta zuba mata, ta ce in ba ta samu ba ganyenta naɗewa yake yi. Ruwa kuma sai ta ga ƙasar ta bushe ƙarau, shi ya sa take son bahon, yana tsiyayewa ta tsagar." Sai ta ƙara da cewa, "Ta faɗa maka ya fi sau goma, Baba. Har ranar da ka shafe wurin da siminti ta faɗa, ka ce ta bari a gama labarai."

Dakta ya daina rubutu. Ya ce tsaunin da ya haƙo su dutsen farar ƙasa ne, shi ya sa ma aka fasa shi, kuma yana shafi na uku a littafinsa, da hannunsa ya rubuta. Mazan sun jure baƙar ƙasa ne don ba su da wani nauyi a kansu. Muka tsaya mu biyu, mai digiri uku da mai takardar yabo tara, babu mai iya duban wani. Daga baya ya tambaye ni cikakken sunanta, na faɗa, ya rubuta a ɗan allon da ake soka wa tukunya, ƙarƙashin dogon sunan nan.

Takardar gargaɗin ta zo kafin azahar, laifi uku a jere, da sa hannun Darakta. A ranar kuma ya sa aka gyara jawabinsa, wai bayan dogon bincike mai zurfi ma'aikatarsa ta gano macen 'Yar Tsauni ta ƙarshe a duniya. Bai yi ƙarya ba, binciken ya yi zurfi, har bayan gidana ya kai. Ɗakin gilashi ya tsira. Dakta ya yaga shafi arba'in, ya rubuta layi biyu ya manna a ƙofa: a ɗakin nan ba a sharar benci. Mataimakina ya karanta sau uku, ya kasa gane inda duniya ta dosa.

Dakta ya ce zai sa a kawo garin dutse daga masu sayarwa, amma sai jibi, kuma bai san ko za ta kai jibi ba. Na ce a ba ni awa biyu. Na koma gida da rana tsaka, na zaga bayan gida. Duk inda na shafa siminti yana nan sumul, aikin gwani. Na ture durom ɗin ruwa gefe. A bayansa tsohon shafen ya rage, faɗin tabarma ɗaya, kuma ga sawun cokali nan layi-layi, daidai tsayin hannun wanda ke zaune a kan 'yar kujera. A nan ta koma bayan na toshe mata sau biyu, inda ba zan gani in yi faɗa ba.

Na jawo kujerar tata na zauna. Cokalin yana nan a saƙale a bakin taga, gefensa ya cinye. Na tara gwangwani na soma kankara daga inda ta tsaya. Farar ƙasar tana zuba a hannun rigata, ban kaɗe ba, har gwangwanin ya cika.